Muryar Dutsen Niƙa a Teburin Ubangiji

Hutun damina da ya wuce a gida na yi shi, a wani gari na gefen Maradi, kuma can na ji waƙoƙi ukku da har yau ba su bar ni na huta ba. Duka ukkun an rera su Lahadi ɗaya, a majami'a ɗaya, lokacin Jibin Ubangiji. Bayan sati biyu dattawan ikilisiya suka hana ɗaya daga cikinsu. A ganina wadda ta fi sauran kyau ita suka hana, amma dalilin da suka bayar ba na wasa ba ne. Shi ya sa na ɗauko bik da kaye.

Na san mafi yawan masu karanta ɗan littafin nan namu Musulmi ne, to bari in yi gajeren bayani. Jibin Ubangiji shi ne lokacin da Kiristoci ke raba gurasa da ƙoƙo don tunawa da abincin ƙarshe da Yesu Almasihu ya ci tare da almajiransa. A wurinmu sau ɗaya ake yinsa a wata. Burodi ake gutsuttsurawa cikin faranti, a zuba ruwan bisab cikin ƴan ƙananan kofuna, dattawa su bi layi-layi suna miƙawa. Babu tafi, babu guɗa. Yaran da suka saba guje-guje a bayan benci ma sun san ranar ba tasu ba ce. Cikin wannan shirun ne ake rera waƙa a hankali har kowa ya karɓa. Saboda haka waƙar da za a sa a nan ba kamar ta buɗe sujada ba ce. Kowace kalma a fili take fita, kuma kowane kuskure ana jin sa.

Waƙar farko daga littafi ta fito, cikin waɗanda aka fassaro daga Ingilishi. Tarihinsu sananne ne. Mishan ɗin SIM ta sauka Damagaram a 1924, ta zauna Tsibiri a 1927, Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932. Waƙoƙin da kakanninmu suka fara koya muryoyinsu na Ingila da Amurka ne, an kwashe kalmomin asali an zuba na Hausa. Mai fassara gaɓoɓi yake ƙidayawa: layin nan takwas, na bayansa shida, sai ya nemo Hausar da ta cika lissafin. Ga Ingilishi wannan ya isa, muddin an kula da gaɓar da ake dannawa. Hausa kuwa ba ƙidayar gaɓa kaɗai take yi ba, auna ta take yi.

Ga abin da nake nufi. Ka faɗi gari, wanda ake zama cikinsa, sannan ka faɗi gari, wanda ake tuƙa tuwo da shi. A takarda ɗaya suke, amma a na biyun bakinka ya ja wasalin farko. A ajin ilimin harshe muna cewa gaɓar farko sassauƙa ce, ta biyu mai nauyi. Gaɓa mai nauyi ita ce mai dogon wasali ko wadda baƙi ya rufe ta, kuma a waƙa takan ci wurin sassauƙa biyu. Marigayi Russell Schuh ya daɗe yana nuna cewa a kan wannan awon ne karin waƙar Hausa ya tsaya, ta baka da rubutacciya. Bayan nauyi kuma akwai karin sauti. Wuya na jiki daga sama yake farawa ya sauko, wuya ta wahala daga ƙasa take farawa ta hau.

To a waƙar littafin nan akwai inda ake cewa Almasihu ya sha wuya, kuma daidai kan kalmar muryar Turawa take gangarowa. Abin da ke fita daga bakin mutum ɗari shi ne wuyan jiki. Ba wanda ya ruɗe, don kowa ya san abin da ake nufi. Ɓarnar tana wani wuri: mun saba rera Hausa kamar ba Hausa ba, har kunnenmu ya daina jiran ma'ana daga waƙa. Muna bin muryar, kalmomin na biye da mu kamar akuyar da ake ja kasuwa. Ina faɗin haka ne kuma ina son waƙar. Ita aka rera ranar da aka bizne kakana, kuma ko yau na ji ta sai na tuna shi. Amma so daban, awo daban.

Waƙa ta biyu ta koral ɗin matasa ce, tsararrakina, wasu ma tare muka yi firamare. Niyyarsu mai kyau ce. Sun ce sun gaji da muryar aro, za su yi da ta gida. Sai suka ɗauko wata muryar gaɗa, irin wadda ƴanmata ke tafawa a dandali da farin wata, suka ɗora mata kalmomin Jibi, suka haɗa da piyano mai batir. Na zauna ina murna, don abin da nake ta fata ke nan. Murnar ba ta kai amshi na biyu ba. A cikin amshin suna kiran jama'a su zo mu sha duka, wato dukanmu. Amma muryar gaɗar tana da dogon ja daidai kan gaɓar farko ta kalmar ƙarshe. Duka mai nufin kowa da kowa gajeren wasali gare ta. In ka ja shi, ka koma dukan sanda. Sau huɗu aka gayyace mu mu sha duuka, dattijo na tsaye gabanmu da faranti. Wata yarinya a bencinmu ta toshe baki da gyale.

Kuskuren koral ɗin daidai yake da na mai fassara na 1930 da wani abu. Shi ya cusa Hausa cikin muryar Ingila, su sun cusa ta cikin muryar Gobir, kuma dukansu gaɓa suka ƙidaya. Kasancewar murya ta gida ba ya sa kalma ta zauna da kanta. An dinka muryar gaɗar ne a jikin wasu kalmomi, kamar riga. Wanda zai sa ta sai ya zama tsawonsu ɗaya. Akwai kuma abu na biyu da na lura. Ana fara kiɗan, kafaɗun matan da ke gabana suka fara motsi, wata har ta ɗaga hannu za ta tafa ta tuna inda take. Jikinsu ya gane muryar tun kafin kalmomin su iso, kuma abin da ya gane dandali ne da tsokanar samari.

Waƙa ta ukku ta matan zumunta ce, kuma Gwaggona ce ta ƙaga ta. Ku riƙe wannan a zuci, in kun ga na yi son kai ku rage. Babu piyano, babu ganga. Muryar niƙa ce, wadda mata ke yi suna durƙushe gaban dutse tun kafin injin niƙa ya shigo garuruwanmu. Duk wanda ya taɓa jin ta ya san tafiyarta: dogon ja lokacin da ake tura ɗan dutse gaba, gajeren numfashi lokacin da ake janyo shi. Asali mace ɗaya ke yin ta ita kaɗai. Gwaggo sai ta sa amshi a wurin numfashin, ita ta ja dogon layin, mata su karɓe ta da kalmomi biyu ko ukku. Abin da waƙar ke faɗi kaɗan ne. Hatsi ba ya ciyar da gida sai an murƙushe shi. An murƙushe ɗaya domin gida ya ci. Ku matso, akwai na kowa.

Na naɗi waƙar a salula, na zauna da ita kwana ukku ina rubuta kowane layi, ina sa alamar nauyi da ta karin sauti a kai kamar yadda aka koya mana. Ban samu wurin da aka ja sassauƙar gaɓa ba. Kalmar gari ta tuwo ta faɗo kan dogon ja, ta fito garin tuwo sak. Ba zan ce muryar na bin karin sauti taki-taki ba, waƙar Hausa ba ta yin haka, da ta zama magana kawai. Abin da take gudu shi ne saɓawa: inda kalma ke hawa, muryar ko ta hau ko ta tsaya, amma da wuya ta gangara. Gwaggo ba ta yi boko ba. Jikanta ne ya karanta mata wurin da Bulus ya yi maganar Jibi cikin wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura ta 11, ita kuma ta yi mako guda tana juya maganar a baki tana aikin gida. Da na tambaye ta yadda ta yi, cewa ta yi: "Ɗiyata, in kalma ta ƙiya ba ni yi mata dole. Sai in sake ta in kira ƴar'uwatta." Shekara ukku ina karatun lisansi ban ji an taƙaita darasin awon waƙa kamar haka ba.

Amma abin da ya sa na fifita ta ya wuce awo. Tsohuwar ma'anar muryar da sabuwar sun haɗu. Waƙar niƙa waƙar gajiya ce. Gaban dutse ne mace ke faɗin abin da ba ta iya faɗi a tsakar gida: kewar uwa, zafin aure, ɗan da ya tafi bai dawo ba. Da muryar ta shigo majami'a da wannan kayan ta shigo, kuma kayan sun dace da teburin da ake tuna wahala a kansa. Na ga tsofaffin mata sun sunkuyar da kai, wata tana share ido da bakin zane. Ba a sa su ba.

Ita ce aka hana. Wanda ya tsaya kan hanin wani dattijo ne da muke kira Baba, mutum mai gaskiya wanda ba a taɓa jin sa da rigima ba. Na je gaishe shi da marece, na durƙusa, na tambaye shi laifin waƙar. Ya yi shiru, sannan ya ba ni labarin mahaifinsa. Makaɗin garaya ne na ƴan bori, ana zuwa ɗaukarsa daga garuruwa masu nisa. Ranar da ya karɓi bangaskiya ya karya garayar a gaban mutane, kuma har ya mutu bai ƙara yin ko gunaguni da waɗannan muryoyin ba. Baba ya ce: "Ɗiyata, ke kin yi karatu, ni ban yi ba. Amma murya tana da mai ita. In kin kira ta, da kayanta take zuwa. Abin da iyayenmu sunka baro da hawaye, ba mu maido shi bisa teburin Ubangiji."

Abokaina na koral sun ce tsohon tunani ne. Ni ban yarda ba. A wurin da Baba ya fito maganarsa gaskiya ce tsantsa. A bori kowane iska da nasa kiɗan, kuma kiɗan shi ne kiran. Ko a wajen bori mun san haka. In makaɗi ya buga taken wani da kalangu, ba a buɗe baki ba amma kowa ya ji sunan da kirarin, saboda kalangu na bin hawa da saukar maganar. Harshen da ke da karin sauti muryarsa ba ta zama fanko. Ko an cire kalmomin, inuwarsu na nan. Wannan darasin Baba ya fi matasan koral riƙe shi, su da ke zaton murya buhu ce, ka zazzage gero ka zuba dawa.

Inda na rabu da shi shi ne haɗa komi a kwando ɗaya. In murya da kayanta take zuwa, to sai a kwance kayan a duba. Na taken iska kira ne, kuma ni ma ba zan so a kawo shi ba muddin akwai mai ji ya gane. Na gaɗa wasa ne, yana da wurinsa ranar Kirsimati ko bikin aure. Na niƙa wahala ce da ciyar da gida. Kiran dukansu "na da" daidai yake da hana cin tuwo don arna ma suna ci. Abin da ya fi ba ni haushi, waƙar koral ba a taɓa ta ba. Piyano ya rufe ta, dattawa maza ba su san muryoyin gaɗa ba, sai ta wuce a matsayin waƙar zamani. Ta Gwaggo da ta zo tsirara, kowa ya gane daga inda ta fito, ita ta sha hukunci.

Ya kamata kuma mu san cewa muryoyin littafin da muke ɗauka tsarkaka, da yawansu ba a majami'a aka haife su ba. Muryar da Jamusawa suka fi rerawa don tuna wahalar Almasihu, wadda Bach ya maimaita cikin babban aikinsa a kan labarin Matiyu, Hans Leo Hassler ne ya fitar da ita a 1601, kuma waƙar soyayya ce. A Ingila, Ralph Vaughan Williams ya bi ƙauyuka yana rubuta waƙoƙin talakawa, ya sa wasu muryoyinsu cikin littafin waƙoƙin sujada na 1906. Abin da ya tsarkake su a kunnenmu nisa ne kawai. Ba mu san tsofaffin kalmominsu ba, sai muka ɗauka ba su da su.

Misalin da ya fi kusa da namu daga Jamaika yake. Akwai waƙar gargajiya da suke kira Linstead Market, labarin mace da ta kai kayanta kasuwa ta wuni ba ta sayar da komi ba, ga yara na jira a gida. Doreen Potter, ƴar ƙasar, ta gyara muryar, Fred Kaan ya rubuta mata kalmomin Jibin Ubangiji a 1975, yau tana cikin littattafan sujada na ƙasashe da dama. Baturen da ke rera ta daɗin kiɗa kawai yake ji. Amma ɗan Jamaika da ya san asalin, yana jin uwar da ta dawo hannu wofi an kira ta teburin da abinci ya wadata. Wannan shi ne irin haɗuwar da Gwaggo ta yi ba tare da ta taɓa jin sunan Jamaika ba. A nan Afirka ta Yamma ma akwai masu ibada na Keur Moussa a Senegal, da aka kafa gidansu a 1963, shekarar da babban taron Katolika na Vatikan ya ce a ba kiɗan al'ummomi wurinsa cikin sujada. Sun shigo da kora, molon mawaƙan Mande, amma sun yi shekaru suna sauraro da zaɓe kafin su ɗora addu'a a kai.

Ƴan'uwa Musulmi, kun san gardamar nan a gidanku. Da ƴan mandiri na Kano suka fara ɗora begen Annabi kan muryoyin fina-finan Indiya, wasu sun ce an ƙwato murya daga shashanci an kai ta wurin alheri, wasu sun ce ai mai sauraro ƴar rawar fim ɗin yake gani a zuci. Tambayar ɗaya ce da tamu: in an canza kalmomi, me ya rage cikin muryar, kuma wa ke jin sa?

A wurinmu kuma akwai abin da ke ƙara wa tambayar nauyi. Mu ƴan tsiraru ne a ƙasar nan, kuma tun muna yara muke jin ana kiran addininmu na Nasara. Ina ƙarama aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai cikin Janairun 2015, kuma na tuna yadda manya suka yi ta maimaita cewa mu ma ƴan ƙasa ne, nan aka bizne cibiyarmu. To in a lokacin da ya fi kowane tsarki a wurinmu ba mu iya buɗe baki sai da muryar Ingila, mu da kanmu mun ba masu wannan magana rabin gaskiya. Ba ina cewa a yi waƙa don a burge maƙwabta ba. Ina cewa wanda ke tuna mutuwar wanda yake ƙauna, da muryar da uwarsa ta yi kuka da ita ya kamata a bar shi ya yi.

Ga shawarata ga duk mai son ɗora kalmomin Jibi kan muryar gargajiya, gwaji biyu ne kuma ba su buƙatar digiri. Na farko, ka faɗi layin da baki kamar kana magana, sannan ka rera shi, ka sa wanda bai san waƙar ba ya maimaita abin da ya ji. In ya ji wuyan jiki ko dukan sanda, kalmar ta ƙiya, kira ƴar'uwarta. Na biyu, ka je wurin tsohuwar da ta fi kowa shekaru a ikilisiya, ka yi mata muryar da hanci ba kalmomi, ka dubi fuskarta. In ta yi dariya, kai ta wurin biki. In ta tsorata, bar ta inda ka same ta. In ta yi shiru ta sunkuya, ka samu abin da kake nema. Ta gwajin farko waƙar littafi da ta koral sun faɗi. Ta na biyu ta koral ta sake faɗuwa. Ta Gwaggo ce kaɗai ta haye duka biyun.

Ba zan ɓoye ba, ita ma tana da inda za a kama ta. Waƙar niƙa gidan habaici ce, kuma wata tsohuwa ta raɗa mini cewa a ƙauyensu da wannan muryar ake yi wa kishiya zambo. Ke nan abin da murya ke ɗauke da shi na iya bambanta daga gari zuwa gari, kuma hukuncin da ya yi daidai a garinmu ba lalle ya yi a Madawa ko Dogon Dutsi ba. Shi ya sa nake ganin ba aikin dattawa maza kaɗai ba ne, a ɗaki, bayan an tashi sujada. Matan da suka san muryoyin ba a tambaye su ba, alhali su ne shaidu.

Kuma shaidun suna ƙarewa. A gidanmu dutsen niƙa yana bayan rumbu, kaji ke shan ruwa cikinsa. Ni kaina ban iya waƙar niƙa ko ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba. Nan da ƴan shekaru muryar za ta zama kamar ta Hassler, babu mai tuna tsofaffin kalmominta, a lokacin babu dattijon da zai hana ta, kuma babu tsohuwar da za ta share ido in an rera ta.

Yanzu dai matan zumunta na rera waƙarsu ranar Alhamis a taronsu, inda babu faranti babu kofi. Gwaggo ba ta yi fushi ba, ta ce dattawa iyaye ne. Ni ce na kasa haƙura. Na koma wurin Baba kafin in taho Yamai, na roƙe shi abu ɗaya: in na dawo hutun Disamba, ya yarda in kawo masa Gwaggo da tsofaffi biyu su yi masa muryar da tsofaffin kalmominta, ya ji da kunnensa ko akwai sunan iska a ciki. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce in gaida malamaina, in kuma zo da goro.